Esans ko gazuwal? Gardamar motar da garinmu ke son saya

Ranar Asabar da ta wuce aka kira ni taron ƙungiyar ƴan asalin garinmu, nan cikin jihar Maradi, kuma tun kafin in cire takalmi na san dalilin kiran. Ni ne mushen da ke koyar da fizik da shimi a kwalejin garin, don haka duk abin da ya shafi inji ko wutar lantarki ni ake turo wa, alhali ban taɓa kwance ko noti ɗaya a jikin mota ba. Shekara uku ke nan ƴaƴan garin da ke Yamai da Agadas da Kano da Aljeriya suna aiko da abin da ya samu, mata kuma sun zuba daga adashinsu, har kuɗin suka kai a sayi akori-kura ta hannu, irin wadda tsofaffinmu ke kira bashe tun zamanin Peugeot 404. Aikin da ake so ta yi sananne ne: ɗauko buhunan abincin kantin na lekwal daga babban garin kwamin, kawo tebura da littattafai lokacin komawa makaranta a watan Oktoba, kai ɗalibai wurin jarrabawar BEPC, da ɗaukar mai naƙuda ko wanda maciji ya sara cikin dare zuwa likita, kilomita 18 daga garin. Ranakun kasuwa kuma ta yi haya don ta ciyar da kanta.

Shugaban ƙungiyar, dattijo ne da ya yi shekaru yana jigilar hatsi tsakanin Maradi da Dakoro, shi ya buɗe magana, kuma da jimla ɗaya ya so ya rufe ta. Ya ce, "Mota mai aiki ai gazuwal ce, esans ta ƴan gayu ce." Duk wurin aka kaɗa kai. Sai ya juyo wajena ya ce, "Mushe, ko akwai abin da boko ya ce?" Na ce, "Alhaji, Allah ya ƙara girma, a ba ni allo da alli." Ba a ba ni allo ba, a bayan ambulan na yi lissafin, kuma shi ne na ga ya dace in kawo nan, domin na san garuruwa da yawa da kwamitocin iyaye suna kan irin wannan shawara, kuma kuɗin da aka yi shekara uku ana tarawa ba a sake tara su cikin wata uku.

Bari in fara da abin da Alhaji yake da gaskiya a kai, don yana da ita. Injin esans da injin gazuwal kamannunsu ɗaya daga waje, amma yadda wuta ke kamawa a cikinsu daban ne. Na esans, wanda wani Bajamushe Nikolaus Otto ya daidaita tsarinsa a 1876, yana haɗa iska da mai, ya matse su kamar sau goma, sannan buji ya ba da tartsatsi. Na gazuwal, wanda Rudolf Diesel, shi ma Bajamushe, ya samu ya yi aiki a 1897, ba shi da buji mai tartsatsi ko ɗaya. Iska zalla yake matsewa, sau goma sha biyar zuwa ashirin da wani abu, har zafinta ya wuce digiri 500, sai a fesa mata gazuwal ya kama da kansa. Abokan aikina malaman kimiyya, ga gwajin da ba ya cin ko dala: ku kawo famfon keke aji, yaro ya toshe bakinsa da yatsa, wani ya yi ta bugawa, sannan kowa ya taɓa gindin famfon ya ji zafi. Wannan zafin shi ne dukan sirrin injin gazuwal. Ni dai tun da na fara yin haka, ba a sake samun ɗalibin da ya manta cewa matsa iska yana ɗumama ta ba.

Daga wannan matsi mai yawa sauran abubuwan ke fitowa. Dole a ƙera injin da ƙarfe mai kauri, shi ya sa yake da nauyi da tsada, shi ya sa kuma yake daɗewa. Yana ba da ƙarfin murɗa taya tun yana juyawa a hankali, wanda shi ne abin da mota mai kaya ke buƙata wajen tashi ko cikin rairayi. Litar gazuwal ta fi litar esans kuzari da kusan kashi 10 cikin 100, injin kuma ya fi iya tatsar wannan kuzari, har ya zama a tafiya iri ɗaya yakan sha ƙasa da na esans da kashi 20 zuwa 30. Ba don komai ba ne ba ka ganin tirela ko tarakta mai shan esans. Da shekara biyar baya aka yi wannan taro, da ni ma kai zan kaɗa in sha shayina in tafi gida.

Abin da ya canja shi ne farashi. Shekara da shekaru a Nijar litar esans tana sefa 540, ta gazuwal 538, wato kusan kuɗi ɗaya. A watan Agustan 2022 gwamnati ta ɗaga gazuwal zuwa 668, esans bai motsa ba. A watan Yulin 2024 aka rage duka biyun, esans ya koma 499, abin da kowa ke kira dala ɗari don babu mai ba ka canjin tamma ɗaya, gazuwal kuma 618. To mu yi lissafin bayan ambulan. Mu ɗauka, don misali kawai, Hilux mai esans tana shan lita 13 a kilomita 100, ƴar uwarta mai gazuwal tana shan lita 10. A tsohon farashi, mai esans ta ci 7,020, mai gazuwal ta ci 5,380, bambanci jika ɗaya da 640 a kowane kilomita 100. Idan motar tana yin kilomita 15,000 a shekara, an tsira da jika 246. Kuɗi ne na gaske, kuma a kan wannan lissafi Alhaji ya gina iliminsa. A farashin Yulin 2024 kuwa, mai esans ta ci 6,487, mai gazuwal 6,180. Bambancin ya koma 307, a shekara jika 46 da ƴan kai. Ko taya ɗaya mai kyau ba za su saya ba. Da na karanta wannan adadi, ma'ajin ƙungiya ya karɓi ambulan ya sake ninkawa da wayarsa, ya samu daidai, ya yi shiru.

Wani matashi da ya dawo daga Yamai ya ce, "Mushe, amma ka manta layin esans?" Ban manta ba. A watan Maris na 2025 an yi ƙarancin esans har mutane suka kwana a gidajen mai a Yamai da sauran manyan garuruwa. Dalilin kuwa ya shafe mu kai tsaye mu mutanen iyaka. Matatar SORAZ da ke Zinder, wadda aka buɗe a ƙarshen 2011, tana tace ganga 20,000 a rana na ɗanyen man Agadem, kuma gazuwal ɗin da take fitarwa ya fi esans yawa. Shekaru da dama giɓin esans ƴan ruwa-ruwa ne ke cike shi da man Najeriya mai rahusa, a kwalabe da jarkoki a bakin kowace hanya daga Dan Isa zuwa Konni. Da shugaba Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, man can ya yi tsada, kwalaben suka ragu, kowa ya koma gidan mai, matatar kuma ba ta ƙara girma ba. Wannan hujja ce mai nauyi ga gazuwal, na amince. Sai dai a tuna cewa a 2022 gazuwal ne ya yi wuya, saboda ana kwasarsa zuwa ƙetare inda ya fi tsada, har ya jawo ƙarin kuɗin da na ambata. Kowannensu ya taɓa ɓacewa, kuma wanda zai ɓace baɗi ba a hannun ƙungiyarmu yake ba.

Amma abin da ya fi damuna, wanda saboda shi ne ma na zauna rubuta wannan, shi ne kalmar gazuwal yanzu tana ɗauke da injuna iri biyu da ba su haɗa komai ba sai sunan mai. Wanda Alhaji ya sani, wanda ya ci amanarsa da shi shekara ashirin bai ci ba, shi ne tsohon tsari: injin 1HZ na Land Cruiser, mai silinda shida da lita 4.2, wanda Toyota ke yi tun 1990, ko 3L da 5L na tsofaffin Hilux. Famfonsa na ƙarfe ne, ba shi da turbo, yana haƙuri da mai marar tsabta gwargwado, kuma kusan duk garin da ke da tasha akwai wanda ya san cikinsa. Sabon tsarin, wanda a jikin Hilux ake rubuta masa D-4D, ya bazu tun shekarun 2000. Kwamfuta ce ke ba da umarnin fesa mai, kuma matsin da man ke fita da shi yana iya wuce bar 1,500. Don a gane, iskar tayar mota bar 2 ce zuwa 3. Ramukan bakin injekta sirara ne kusan kamar gashi. Wannan inji ya fi tsohon ƙarfi, ya fi shi tsimin mai, ba ya ƙara kamar injin niƙa. Amma ɗigon ruwa ko ƙurar hunturu da ta shiga jarka tana iya cinye famfon da injektocin gaba ɗaya, kuma ba a gyara su a gindin bishiya. Sai an kai babban gari wurin mai na'ura, sau da yawa ma sai dai a sayi sababbi, kuɗinsu kuwa ya isa ya haɗiye waccan jika 46 ta shekaru da yawa a zama ɗaya.

Akwai ƙari ga motocin da aka yi don Turai. Tun wajen 2010 ana sa musu matatar toka a cikin bututun hayaƙi, daga baya aka ƙara wani tanki na ruwan da ake kira AdBlue. An tsara su ne don gazuwal ɗin Turai, wanda doka ta ƙayyade farar wutar da ke cikinsa kada ta wuce kashi 10 cikin miliyan tun 2009. Matatar tokar kuma tana wanke kanta ne kawai idan motar ta yi doguwar tafiya da zafi a kan gudron. Motar da aikinta kilomita 18 ne zuwa likita da dawowa a giya ta biyu, toshewa za ta yi, fitila ta kama a gaban direba, kwamfuta ta rage mata ƙarfi. Dillali ba zai faɗa maka wannan ba. Zai buɗe maka gaban mota ka ga inji fes kamar ɗakin amarya, ya ce ai daga Beljiyam ta zo. Kuma tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 hanyar Kwatano ta toshe, kayan gyara ma sai sun yi dogon zagaye.

Wani ɗalibina ya taɓa nuna mini bidiyo a wayarsa na manyan akori-kurar Amurka, Ford F-250 da Ram 2500 da Chevrolet Silverado, yana tambaya me ya sa ba a kawo su nan. Can ma irin gardamarmu suke yi. Injin gazuwal na Ford mai lita 6.7 yana ba da ƙarfin murɗawa fiye da ninki biyu na injin esans ɗinsu mai lita 7.3, amma sai ka ƙara wajen dalar Amurka 10,000 kafin ka same shi, kuma masu sayensa galibi masu jan tirelar dawaki ne ko gidan tafi-da-gidanka na tan biyar ko fiye. Abin da ya ba ni sha'awa, wanda kuma darasi ne gare mu, shi ne a mota iri ɗaya mai esans takan fi mai gazuwal yawan kayan da aka yarda a ɗora mata a baya, domin nauyin injin gazuwal da kansa ya riga ya cinye wani kaso. Mu ba ma jan tirela. A baya muke lodi.

Na ga illar rashin sanin gazuwal da idona. Wata shekara mun ɗauki hayar mota don kai ɗalibai jarrabawa, muka tashi bayan sallar asuba. Direban ya auna mai da ido, ya ce zai isa. Saura kamar kilomita bakwai motar ta yi tari ta mutu. An samo jarka daga wani ƙauye, aka zuba, aka yi ta murɗa makulli har batir ya fara kasawa. Injin esans idan mai ya ƙare, ka zuba ka tashi. Na gazuwal iska ce ke shiga bututu, sai an sassauta an buga famfo an fitar da ita, yaron motar kuwa bai taɓa yi ba, maigidansa ma da ƙyar. Ƴan mata goma sha ɗaya da samari tara, da katin jarrabawa a hannu, suka taka sauran hanyar, muka shiga ana rabon takardu. Wata yarinya da nake sa ran za ta fi kowa, hannunta rawa yake yi har aka gama darasin farko. Laifin ba na injin ba ne, na sani. Amma duk wanda zai sayi mota don yara, ya saya tare da tunanin wanda zai tuƙa ta da wanda zai gyara ta ranar da ta tsaya.

A garinmu makaniki ɗaya ne, kuma babura da injin ban ruwa ya fi taɓawa. Buji, karbirato, famfon esans, duk ya san su. Injin 2TR mai lita 2.7 na Hilux mai esans sarƙa ce ke juya masa sama, ba bel ba, baƙin man da yake sha a kowane canji bai kai lita 6 ba, na 1HZ kuwa wajen lita 10 ne. Su 1HZ da 5L bel gare su, wanda dole a canja shi a kan lokaci, in ya tsinke ana tafiya inji ya lalace. Wa ya san yaushe aka canja na motar da ta wuce hannu uku, wadda ma aka mayar da agogon kilomitarta baya? Sannan maƙwabtanmu na Najeriya, saboda shekarun da suka yi fetur ɗinsu na da tallafi dizal ba shi da shi, Hilux mai esans suka fi hawa, don haka kayanta suna nan birjik daga Katsina zuwa Kano. Ga mutumin Maradi ko Zinder wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kada wani ya ɗauka na ce gazuwal ya mutu. Da garinmu a arewacin Dakoro yake, ko can bayan Tanut ko Abalak, inda hanya rairayi ce zalla, gidan mai kuma sai an yi yini, da bakina zan ce a nemi Land Cruiser mai 1HZ ko da za a ƙara shekara ana tara kuɗi. Lissafina na lita 13 da lita 10 na hanya mai tauri ne. Cikin yashi da lodi, a ƙaramar giya, injin esans shan mai yake kamar raƙumin da ya dawo daga Bilma, na gazuwal kuwa ƙarin nasa da sauƙi, kuma tanki ɗaya ya kai ka nesa. Haka wanda motarsa ke kan hanya kullum tana yin kilomita dubu arba'in ko hamsin a shekara, ƙaramin bambanci yakan taru ya zama babba. Wani abin mamaki ga masu cewa esans ba shi da ƙarfi: a Land Cruiser akori-kura, injin esans V6 mai lita 4 yana ba da ƙarfin doki sama da 220, 1HZ kuwa wajen 130 ne. Abin da 1HZ ya fi shi da shi haƙuri ne da tsimi. Gudu kam na mai esans ne, kuma wannan a wurina aibi ne, idan na tuna saurayi ɗan shekara ashirin da biyar ne zai riƙe sitiyari da ƴaƴan mutane a baya.

A nan ne shugabar iyaye mata, wadda tun farkon taro ba ta ce uffan ba, ta gyara lulluɓi ta ce, "Alhaji, ku yi haƙuri in sa baki. Mushe, duk wannan na inji ne. Yaran a ina za su zauna?" Wallahi kunya ta kama ni, don ita ce tambayar da ya kamata malami ya fara yi. An yi akori-kura don kaya. Hilux abin da aka ƙayyade mata wajen tan ɗaya ne, wato buhu goma na hatsi mai kilo 100, har da nauyin direba da wanda ke gefensa. Mu kuwa mukan ɗora ashirin, mu ɗora mutane a kan buhunan, ƙafafu na reto. Injin gazuwal zai ja wannan lodi ba tare da ya yi gardama ba, kuma nan haɗarin yake, domin ba inji ke ɗauke da kaya ba. Sifirin ne da gatari da taya, birki kuma shi ke tsayar da su, kuma waɗannan iri ɗaya ne ko wane mai motar ke sha. Direba yana jin inji na ja, sai ya ɗauka komai lafiya, har ranar da tayar baya ta fashe a gangara.

Ta fuskar lafiyar yaran ma kowane mai da irin sharrinsa. Esans tururinsa yana kama wuta ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, gazuwal kuwa sai ya ɗumama ya wuce digiri 50 kafin ya ba da tururin da zai kama. Jarkar esans a bayan mota cikin zafin Afrilu, kusa da wanda ya kunna taba, kowa ya san ƙarshenta. Ba mu manta da tankar man da ta fashe kusa da filin jirgin saman Yamai a watan Mayun 2019 ba, inda mutum fiye da 50 suka rasu, yawancinsu sun zo kwasar man da ke zuba. Idan mun sayi mai esans, to ajiyar mai a ɗakin ajiyar lekwal ko cikin gidan wani haramun ce, kuma sai an rubuta haka. Gazuwal kuma hayaƙinsa ne matsala. A watan Yunin 2012 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin injin gazuwal cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar huhu. Tsohon inji irin wanda na yaba da haƙurinsa shi ya fi kowa baƙin hayaƙi, kuma iskar bayan akori-kura juyowa take ta dawo da shi kan wanda ke zaune a baya. Tafiya ɗaya ba ta kashe kowa, amma yaron mota da ke nan kullum, shi ma ɗan wani ne.

Tun da na ambaci yaron mota, bari in ɗan ratse. Iyaye da yawa, idan yaro ya kasa BEPC, sai a kai shi garaji a ce ya koyi gyaran mota, a ɗauka an raba shi da karatu ke nan. Wannan zamani yana wucewa. Motocin da ke shigowa yanzu, na esans da na gazuwal duka, sai an jona musu na'ura ta karanto lambar ciwon, bayanin kuma da Faransanci ko Turanci yake fitowa. Yaron da ya iya karatu, ya san mene ne volt da bar, ya iya awo, shi ne zai ci abinci a wannan sana'a nan da shekara goma. Cibiyoyin koyon sana'a na CFM da ke cikin kwaminoni da kwalejojin fasaha na CET an yi su ne don irin waɗannan yara, kuma da za a samu ko ɗaya daga garinmu ya ƙware a injekta, da rabin tsoron da nake ji wa sabon gazuwal ya tafi.

Ra'ayina dai na faɗa a taron, ina kuma maimaitawa. Garinmu hanyarsa jar ƙasa ce mai tauri, yashi bai fi kilomita biyu ba wajen fadama, motar ba za ta wuce kilomita dubu goma sha biyar a shekara ba, tafiye-tafiyenta gajeru ne, makanikinmu na esans ne. A sayi Hilux mai esans, a sa mata ƙarfen kariya da benci da rumfa a baya, a rubuta adadin mutane da na buhu a jikinta da fenti, a ware kuɗin taya huɗu sababbi da inshora kafin a biya dillali. In an dage sai gazuwal, to ya zama tsohon tsari mai famfon ƙarfe, a canja bel da matatun mai ranar da aka saye ta, kada a taɓa zuba mata man jarka sai an tace. Wadda ba na so a kusanta ko da araha ita ce sabuwar gazuwal ƴar Turai mai matatar toka.

Alhaji bai gamsu ba, kuma ban yi tsammanin zai gamsu a zama ɗaya ba. Ya ce lita 13 ɗin nan tawa ta takarda ce, shi ya taɓa ganin mai esans ta sha 18 da lodin gujiya. Na ce zai yiwu ƙwarai, kuma in haka ne lissafin ya koma gefensa: 18 sau 499 ya kama 8,982, sai dai a auna ita ma mai gazuwal ɗin da irin wannan lodi. Daga nan ne aka samu mafita. Akwai motoci biyu da ke zuwa kasuwarmu ta Laraba daga babban gari, ɗaya esans ɗaya gazuwal, kuma masu su sun yarda. Mako huɗu za a cika tankin kowacce kafin ta taso, a sake cikawa in ta koma, a rubuta lita da kilomita da adadin buhu. Ɗalibaina na ajin ƙarshe su za su riƙe littafin, su fitar da abin da kowane buhu ya ci na mai, su karanta a gaban taro na gaba. Shugabar iyaye mata ta sa sharaɗin cewa cikin masu riƙe littafin a sa ƴan mata biyu, ma'aji kuma ya ce har sai an ji sakamakon, ko tamma ba za ta fita daga asusu ba. Larabar nan za a fara awo.